Umma na tsoron allurar barci: mu fasa aikin maƙoƙon?

Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 58, take da maƙoƙo tun muna ƙanana. Da can bai dame ta ba, amma a 'yan watannin nan ya ƙara girma, har idan ta kwanta rigingine numfashi na yi mata wuya, tuwo ma sai ta kora da ruwa. Likita ya ce sai an yi aiki. Tana da hawan jini, tana shan magani, amma ba kullum ba.

Matsalar ita ce, shekara 20 da suka wuce an shiga da ƙanwarta ɗakin tiyata, aka yi mata allurar barci, ba ta farka ba. Tun daga ranar Umma ta ce ko mutuwa za ta yi ba mai sa ta barci. Yanzu ta koma shan wani jiƙo da maƙwabciyarmu ke kawo mata, ta kuma ja min kunne kada in gaya wa likita. Yayanmu, wanda shi zai biya kuɗin, ya samo wani ƙaramin asibitin kuɗi da suka ce za su yi aikin a kan rabin kuɗin babban asibiti, cikin mako guda, ba bin layi. Ya ce ajali ɗaya ne ko a ina aka yi. Ni kuwa na kasa barci. In na lallashe ta ta yarda, wani abu ya faru, da wane ido zan kalli 'yan'uwana? In na ƙyale ta, ina jin yadda take shaƙewa cikin dare. Mu fasa ne ko mu yi? In za mu yi, a ina?

Ƙanwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya, ya jiƙan 'yar'uwarta da rahama.

Kada ku fasa. Maƙoƙon da ya kai ga danne hanyar iska da hanyar abinci ya wuce wanda ake zuba wa ido, kuma jiƙo ba zai mayar da shi ba. In aka bar shi, abin da ake gudu shi ne daren da numfashin zai toshe, a kwashe ta a guje, a yi aikin nan dai cikin gaggawa, ba shiri, ba gwaji, a hannun duk wanda aka tarar yana bakin aiki. Aikin da aka sa wa rana ya fi wannan aminci nesa ba kusa ba. Sai dai ban yarda a zaɓi asibiti don arha da sauri ba. Abin da za ku zaɓa da shi tambaya ce guda: wa zai tsaya a kan Umma yana lura da numfashinta tun daga sa ta barci har ta kwana ta tashi, kuma da waɗanne kayan aiki?

Bari in gaya miki dalilin da ya sa na rataya komai a kan wannan tambaya, domin in kin fahimce shi za ki iya yi wa Umma da Yaya bayani da bakinki.

A babban aiki irin wannan, maganin da ake bayarwa yana ɗauke hankali gaba ɗaya, sannan galibi a ƙara wani mai saki naman jiki, har da naman da ke jan numfashi. Daga wannan lokacin mara lafiya ba ya numfashi da kansa. Ana zura masa bututu ta baki zuwa hanyar iska, na'ura ko hannun mai sa barci su riƙa hura masa. Ƙwaƙwalwa kuwa 'yan mintoci kaɗan take iya jurewa ba iskar oksijin. Saboda haka da yawa daga cikin waɗanda suka rasu a kan gadon tiyata a zamanin baya, ba yawan magani ne ya kashe su ba. Bututun ne ya kauce, ko wata roba ta cire, ko tukunyar oksijin ta ƙare, ko jini ya yi ƙasa, ba wanda ya ankara sai da lokaci ya ƙure. A da, alamar da ake dogara da ita ita ce leɓe da farce su canza launi su yi shuɗi. Alama ce mai makara, tana wuyar gani a fatarmu, ta fi wuyar gani ga mai ƙarancin jini, balle mutumin da aka lulluɓe da ƙyallen tiyata.

Likitoci sun daɗe suna bin diddigin wannan matsala. A ranar 16 ga Oktoba 1846 aka fara nuna aikin tiyata da maganin sa barci a bainar likitoci, a birnin Boston na Amurka. Ba a cika shekara biyu ba, a 1848, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Hannah Greener ta rasu a Ingila bayan an shaƙa mata wani maganin sa barci don a cire mata farcen ƙafa kawai. A 1954 wasu likitoci biyu, Beecher da Todd, suka tattara bayanan aiki kusan 600,000 daga asibitoci goma na Amurka, suka tarar maganin sa barci na da hannu a mutuwar mutum ɗaya cikin kowane 1,560. Binciken da ya juya akalar lamarin shi ne na wani injiniya, Jeffrey Cooper, a 1978. Ya zauna da masu sa barci suka riƙa ba shi labarin kurakuran da suka auku ko suka kusa aukuwa, sai ya gano kashi 82 cikin ɗari na waɗanda za a iya kauce musu daga ɗan'adam suke: an musanya sirinji, an murɗa abin da bai kamata ba, an yi sakaci na ɗan lokaci. Daga nan asibitocin jami'ar Harvard suka kafa doka a 1985: mai sa barci ba zai bar ɗakin ba har a gama, za a auna hawan jini da bugun zuciya aƙalla duk minti biyar, numfashi da gudun jini kuwa ba a ɗauke musu ido ko daƙiƙa ɗaya. Ƙasashe suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar da maganin sa barci kaɗai ya jawo ta sauko daga 357 cikin miliyan kafin shekarun 1970 zuwa 34 cikin miliyan a shekarun 1990 da 2000. Magunguna sun inganta, gaskiya ne, amma babban abin da ya sauya shi ne sa ido.

Na'urori biyu nake so ki riƙe sunayensu.

Ta farko ita ce 'yar ƙaramar da ake maƙala wa a yatsa, oksimita, wadda wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a 1972. Tana haska jan haske ta cikin yatsa ta faɗi yawan oksijin da jini ke ɗauke da shi. Ga mai lafiya lambar kan tsaya daga 95 zuwa sama. Ta ɗakin tiyata tana yin ƙara tit, tit, tit da kowane bugun zuciya, kuma an ƙera ta yadda in oksijin ya fara raguwa sai muryar ƙarar ta riƙa yin ƙasa tana kauri. Gogaggen mai sa barci ko ya juya baya yana zuƙo magani a sirinji, kunnensa na kan wannan sautin, da ya ji ya sauya kafin ya kalli allo hannunsa ya kai kan bututu. A Denmak an gwada ta a kan marasa lafiya 20,802, aka buga sakamakon a 1993: inda aka yi amfani da ita an gano raguwar oksijin ninki 19 fiye da inda ba a yi ba. Amma adadin waɗanda suka rasu bai bambanta tsakanin ɓangarorin biyu ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne mutuwar ba ta da yawa har a ga tazararta a adadin mutane irin wannan. Abin da ni na ɗauka daga ciki kuwa shi ne na'ura shela kawai take yi. Wanda ya ji shelar ya san abin yi, shi ke ceton rai. Asibitin da ya nuna miki allo mai ƙyalƙyali bai amsa tambayarki ba tukuna.

Ta biyu ita ce ta fi shafar Umma, sunanta kafnograf. Tana auna gurɓatacciyar iskar da huhu ke fitarwa, ta zana ta a allo: duk numfashi ɗaya layi ya hau, ya miƙe, ya sauko. Amfaninta a nan yake. Ƙofar hanyar iska da ta abinci maƙwabtan juna ne, kuma yakan faru bututun numfashi ya zarce hanyar abinci, ko a hannun ƙwararre. In hakan ta faru, ciki ake hura wa iska, huhu ba ya samun komai. Oksimita ba za ta tona ba sai bayan wasu mintoci, domin an cika huhun da oksijin kafin a fara. Kafnograf kuwa cikin numfashi kaɗan za ta nuna layi a kwance, a zare bututun a sake sa shi daidai. Babban binciken da aka yi a Birtaniya a 2011 kan matsalolin hanyar numfashi ya nuna rashin amfani da ita, ko rashin gane abin da take nunawa, yana da hannu a mace-mace da dama. Ga mai maƙoƙon da ya girma, hanyar iskar takan karkace gefe ko ta matse, sa bututu ya fi wuya. Da mahaifiyata ce, ba zan yarda a sa ta barci a ɗakin da ba kafnograf ba.

Yanzu ga inda tsoron Umma yake da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. Ci gaban nan bai iso ko'ina daidai ba. Ƙiyasin da aka buga a 2010 ya nuna ɗakunan tiyata fiye da 77,000 a duniya ba su da ko oksimita, kuma a wasu sassan Afirka kudu da Sahara kusan bakwai cikin goma ne ba su da ita. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011 don rarraba ta. A wani asibitin koyarwa na Lome, a Togo, binciken da aka buga a 2005 ya samu mutuwa ɗaya cikin aiki 133 wadda ta danganci sa barci kuma da an iya kauce mata. Wannan lokacin bai yi nisa da lokacin da ƙanwar Umma ta rasu ba. Abubuwa sun gyaru tun daga sannan, musamman a manyan asibitoci, amma har yau likitocin sa barci a Najeriya ba su kai ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali tarayyar ƙungiyoyinsu ta duniya tana neman aƙalla biyar. Nas-nas da suka yi karatun sa barci na musamman su ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin, kuma a cikinsu akwai gwanaye da suka cancanci girmamawa. Abin da nake tsoro shi ne wurin da likitan da zai yi yankan shi ne zai yi allurar, sannan ya ce wa wani ma'aikacin da bai koyi aikin ba ya riƙe jakar iska. Mutum ɗaya ba zai iya kallon wuƙa da kallon numfashi a lokaci guda ba. Sau da yawa arhar da ake samu daga nan take fitowa.

Saboda haka ku je asibitin da Yaya ya samo, ku biyu, ku yi tambaya cikin ladabi. Wa zai sa ta barci, likita ne ko nas mai takardar wannan fanni, kuma za mu iya ganinsa kafin ranar aiki? Zai tsaya daga farko har ƙarshe, ko yana da wani ɗakin da yake leƙawa? Akwai oksimita da kafnograf da na'urar zuciya, suna aiki? Oksijin fa, in tukunya ta ƙare akwai wata a kusa? In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, minti nawa janareto ke ɗauka? An tanadi jini? Aikin maƙoƙo nawa likitan ke yi a shekara? Ina za ta kwana a daren farko, nas nawa ke kula da gado nawa, kuma in numfashinta ya rikice da ƙarfe biyun dare, wa ke cikin asibitin da zai iya buɗe ɗinkin? Ku yi wa babban asibitin ma waɗannan tambayoyi. Akwai ƙananan asibitocin kuɗi masu kyau, akwai manya masu sakaci. Wurin da ya san aikinsa ba ya jin haushin irin wannan tambaya. In kuwa amsar ta zama "Hajiya ki kwantar da hankalinki, mun saba," ba a nuna muku komai ba, ku yi godiya ku fito.

Ki ƙara tambayar ko suna bin takardar tantancewa ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Jerin abubuwa 19 ne da ma'aikata ke karantawa da murya a tsayuwa uku: kafin a sa barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fito da mara lafiya. Wannan ce wance? Wane aiki za a yi mata? Akwai maganin da jikinta ba ya so? Ana tsammanin wahalar sa bututu? An ƙirga audugar da aka shiga da ita, ta cika? An gwada takardar a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har Ifakara ta Tanzaniya, aka buga sakamako a 2009: mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, matsalolin bayan aiki daga kashi 11 zuwa 7. Ba ta cin ko kwabo, tarbiyyar aiki kawai take nema.

Sai maganar jiƙo. A nan ba zan goyi bayan Umma ba, kuma ke ma kada ki goya. Biyayya ga uwa ba ta haɗa da ɓoye wa likita abin da zai iya cutar da ita ba. Wasu tsirrai suna tsinka jini ya ƙi tsayawa, wasu suna taɓa hawan jini ko suga, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda su ne za su fitar da maganin barcin daga jikinta. Shi ya sa ake so a dakatar da magungunan gargajiya kamar mako biyu kafin aiki. Ki ce mata, "Umma, ba ƙararki zan kai ba, so nake ya san abin da ke jikinki kafin ya auna maganinsa." Ki ɗauki gorar jiƙon ki tafi da ita, haɗe da duk kwalayen magungunan da take sha, har da na ciwon jiki da take saye a kemis, musamman asfirin. Maganin hawan jinin kuma daga yau ya zama na kullum. Jinin da bai daidaita ba yana tashi ya faɗi a ƙarƙashin maganin barci, kuma yana cikin abubuwan da ke sa a ɗage aiki. Wanda za ta sha da safiyar ranar da wanda za ta bari, mai sa barcin ne zai faɗa, kada ku yanke da kanku.

Labarin ƙanwarta ma dole ya shiga kunnensa. Ki nemi manyan da suka halarci abin, ki tambaye su a hankali: wane aiki aka yi mata, na gaggawa ne, ta zubar da jini, an ce jikinta ya yi zafi sosai ko ya sandare, akwai wani a dangi da irin haka ta taɓa samu? Dalilin tambayar shi ne akwai wata lalura da ake gado, ba ta da yawa, inda wasu magungunan sa barci ke sa zafin jiki ya yi mummunan tashi, nama ya ƙage. An gano ta ne a 1960 a Melbon ta Ostireliya, lokacin da wani saurayi da ya karye a ƙafa ya gaya wa likitoci cewa danginsa goma sun mutu a sanadin maganin barci. Don ya faɗa, an zauna cikin shiri, ya kuma rayu. In akwai shakkar wannan, akwai magungunan da ba sa tayar da ita, su za a zaɓa. Kafnograf ɗin nan kuma ita ke fara nuna alamarta.

Kafin aikin za su nemi gwajin jini na sinadarin maƙoƙo, domin in yana aiki fiye da kima sai an kwantar da shi da magani tukuna, in ba haka ba zuciya na iya rikicewa. Za su so hoton wuya don ganin yadda hanyar iska ta karkata, da gwajin zuciya, wataƙila su leƙa maƙogwaro su ga igiyoyin murya. Wurin da ya ce zai yi aikin cikin mako guda bai ambaci waɗannan ba, wannan ma amsa ce. A gaya wa mai sa barcin in tana minshari mai ƙarfi, in akwai haƙori mai girgiɗi ko na roba.

Abu biyu ƙanana da mata ke tuntuɓe a kansu. Lalle: kada a yi mata, musamman baƙi, kuma a goge jan farce, saboda suna iya tare hasken oksimita. Dama bincike a jami'ar Michigan a 2020 ya nuna na'urar takan ɗan ƙara lamba ga masu duhun fata, kada mu ƙara mata wani shamaki. Sai abinci: in an ce kada ta ci, to kada ta ci. Ƙa'idar da aka saba ita ce awa shida ba abinci, awa biyu ba ruwa, amma ku bi abin da asibitin ya faɗa. Koko da kunu da shayi mai madara duk abinci ne. Za a samu mai tausayi a cikin 'yan rakiya da za ta ce a ba ta ɗan kunu ta samu ƙarfi. Ki hana. Wanda aka sa barci ba ya iya tari, abin da ke cikinsa na iya tasowa ya gangara huhu. In kuma an riga an ba ta, a faɗa, gara a ɗage aikin.

Yanzu ga abin da iyalai ba su cika sani ba, kuma a nan ne aikinki yake. Muna tara tsoronmu a ƙofar ɗakin tiyata, da an turo gado an ce an gama sai a yi hamdala, a shiga buga waya, kowa ya watse. A 2018 aka buga wani bincike da ya bi marasa lafiya 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, da Najeriya a ciki. Kashi 2.1 cikin ɗari sun rasu, kuma cikin waɗanda suka rasun, kashi 94 cikin ɗari ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Mutanen sun fi na ƙasashe masu arziki ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, matsalolin bayan aiki ma ba su fi yawa a cikinsu ba, amma wanda matsala ta same shi ya fi saurin mutuwa, don ba a gano da wuri ba. A ɗakin tiyata mutum guda ne ke kallon mara lafiya guda. A ɗakin kwanciya nas ɗaya na iya riƙe gadaje masu yawa cikin dare.

Don haka ki shirya kwana kusa da ita ido biyu, ku yi karɓa-karɓa da wata mai natsuwa. Babban haɗarin aikin maƙoƙo shi ne jini ya taru a ƙarƙashin ɗinki ya matse hanyar iska, kuma ya fi aukuwa a awannin farko zuwa kwana ɗaya. Kada a rufe wuyan da mayafi ko bargo, ki riƙa ganinsa. In wuyan na kumbura, ko ta ce ɗinkin ya matse ta, ko numfashinta ya fara ƙara kamar fito, ko ta kasa haɗiye yawu, ko ta shiga fizge-fizge tana neman tashi zaune, kada ki tsaya sallama da kara. Ki ɗaga murya ki ce numfashinta ya toshe, a kira likita yanzu. Fizge-fizgen nan sau da yawa alamar ƙarancin oksijin ce, kada a ɗauka rigima ce a nemi allurar kwantar da ita. Haka in barcinta ya yi nauyi har ba ta amsa kira, ko numfashin ya yi jinkiri ƙwarai bayan allurar ciwo. Daga kwana ɗaya zuwa uku kuma, in ta ce leɓenta ko yatsunta na yi mata tsiki-tsiki, ko hannu na ƙagewa, ki faɗa, sinadarin kalsiyam ne ya sauka kuma yana da magani. Ki lura ko ana zuwa auna jininta da bugunta da oksijin a kai a kai. In an daɗe ba a zo ba, ki je ki tuna musu da fara'a. Ciwon maƙogwaro, tashin zuciya, rawar sanyi da 'yar dishewar murya a farko abubuwa ne da aka saba gani.

Game da Yaya, kada ki ja da shi a kan ajali, gaskiya ya faɗa, kuma nauyin kuɗin a wuyansa yake. Ki dai nuna masa cewa rabin kuɗi na iya komawa ninki biyu in aka kwaso ta daga can zuwa babban asibiti da matsala. Ki sa shi ya yi tambayoyin nan da bakinsa, ya ji amsa da kunnensa. In layin babban asibiti ne damuwa, ku koma wurin likitan ku gaya masa ƙarara cewa ba ta iya kwanciya rigingine kuma tana shaƙewa da dare. Masu irin wannan alama ba a ajiye su a layi ɗaya da wanda maƙoƙonsa bai dame shi ba.

Umma kuwa ba ke za ki yanke mata ba, kuma ki sauke wa kanki wannan nauyin da ke hana ki barci. Jikinta ne, sa hannunta ake nema. Naki shi ne ki kai ta inda za ta ji gaskiya. Kada ki ce mata ba abin da zai faru, ba wanda ke da ikon wannan alkawari, ita ma ta sani. Ki roƙe ta abu ɗaya: ta yarda ta zauna da mai sa barcin, ba tare da an sa rana ba, ta ba shi labarin ƙanwarta da bakinta, ta tambaye shi duk abin da ke ranta. Ki nemi ya maƙala mata oksimita a yatsa ta ga lambarta, ta ji bugun zuciyarta. Mata da yawa da suka rantse ba za su shiga ba sun sauko bayan irin wannan zama, domin sun ga fuskar wanda zai tsaya a kansu.

Kafin nan, ta riƙa kwanciya da matashi biyu ko uku, ko a kishingiɗe, kada a ba ta wani maganin sa barci na kemis. In dare ɗaya kika ji numfashinta na fito, ko ta kasa ƙarasa magana don haki, kada ku jira gari ya waye, ku wuce sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa. Ki rubuto min bayan kun ga mai sa barcin, ina so in ji amsar da ya ba ku.